Hannun Aro

"Auta, rage man nan. Hannu ne ko soyayyen kifi?"

Yaya ce ke magana daga bayan waya. Ta riƙe ta da hannun hagu, tana dariya har hoton yana rawa. Ni kuwa na hakimce a kan kujerarta, gaban teburin aikinta, na baza yatsuna goma cikin hasken taga. Rabin safiya na kashe a gyaran farce, sannan na mulke hannun da mai tun daga gwiwa, don na san mutanen intanet kamar yunwar cikina. Abin da bai yi sheƙi ba, ba sa tsayawa kallonsa.

"Ke dai ɗauki abin da aka sa ki," na ce. "Sana'a daban, talla daban."

"To, malamar talla. Bismillah."

Na ɗauki ɗan faifan jan ƙarfe mai faɗin murfin kwalba, na dafe tsakiyarsa da babban yatsa, na juya shi yadda zai kama haske. Na ji Yaya ta ja numfashi kamar za ta yi magana, sai kuma ta fasa. Na ɗebi shuɗin garin gilashi a 'yar rariya, na barbaɗa a kai ina karkata wuya irin na wadda ta daɗe a harkar. Daga nan muka tsayar da ɗauka. Yaya ta ture ni da ƙugu, ta kwashe garin da na ɓata, ta ɗauko wani faifan da ta gasa tun jiya ta ɗora mini a tafin hannu, muka ci gaba. A bidiyon, ƙiftawar ido ce kawai tsakanin garin da na barbaɗa da wannan shuɗi mai zurfi da ke walƙiya a tafina.

Gara in faɗi gaskiya tun ba a je ko'ina ba. Shekara uku ke nan muna da shafi a intanet inda muke sayar da 'yan kunne da zobba da abin wuya, duk na gilashin da ake narkawa a kan jan ƙarfe a cikin ɗan tanderu. A saman shafin an rubuta "Aikin hannuna," kuma hotona ne a gefe. Alhali ni, ko ƙofar tanderun aka buɗe sai na ja baya taku uku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai kuɗin kam tukunya ɗaya suke shiga, mu uku muke ci da Umma. Abin da nake karɓa ni kaɗai shi ne yabo, kuma ba zan ɓoye ba, yana yi mini daɗi.

Shekara goma sha ɗaya Yaya ta ba ni. Tana 'yar shekara huɗu risho ya fashe a gabanta, ya ɗauki gefen fuskarta na dama tun daga kunne har haɓa, ya haɗe mata yatsu uku na hannun dama suka zama ɗaya. Ni a haka na buɗe ido na gan ta, don haka ban taɓa ganin abin kallo a jikinta ba. Ita ta goya ni, ita ta yi mini kitso da yatsun nan da ake cewa ba su da amfani, kuma har yau ban samu mai kitson da ta kama ƙafarta ba. Baba, Allah ya jiƙansa, a wata 'yar masana'antar bajo yake aiki. Da aka rufe ta, ya dawo gida da ƙaramin tanderu a bayan keke, ya kafa shi a ɗakin ajiya, ya zaunar da Yaya kusa da shi. "Wuta ta ci ki," ya ce mata, "ke ma sai ki ci da ita." Kafin ya rasu ta fi shi iya aikin, kuma shi da bakinsa ya faɗa.

Da na buɗe shafin, a kan farin ƙyalle nake ɗaukar kayan. Sai masu saye suka dame mu da son ganin mai yi. Umma ta ce atafau ba za a kai mata 'ya gaban 'yan kallo ba. Sai Yaya ta kamo hannuna ta jujjuya shi.

"Ara mini naki mana," ta ce, "tunda ba abin da kike yi da shi."

Daga wasa abin ya fara.

* * *

Akwai wani zaure a waya da masu aikin hannu suka kafa, mu kusan sittin: masu dutsen ado, masu fata, masu saƙa, maƙeran azurfa, da 'yan tsiraru masu irin aikinmu. A nan ake sanar da juna inda kayan aiki suka yi sauƙi, da wane mai kai kaya ne ke fasa su a hanya, da wanda ya saci zanen wani. Ana faɗa, ana shiryawa, ana taya juna murnar oda. Lambata aka sa a ciki, amma Yaya ce 'yar zauren ta gaskiya. Kullum da hantsi sai ta ce in kunna mata saƙonnin murya in jingina wayar da gwangwanin gari, tana aiki tana saurare. Ta san kowa da muryarsa. Ta san Mai Fata ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, ta san Mai Dutsen Ado in ta ce "ba don komai ba," to akwai komai. In wani ya kwana biyu bai yi motsi ba, sai ta ce, "Auta, tambayi lafiyarsa."

In an yi tambaya a kan aiki, ita ke ba da amsa, ni in rubuta. Wata ta taɓa kukan gilashinta yana tsagewa bayan ya huce. Yaya ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ce mata ta riƙa yi wa bayan ma. Ƙarfe in an rufe masa fuska an bar masa baya, gefe ɗaya yake ja." Na rubuta, aka yi ta zuba mini godiya. Har "gwana" suke kirana. Ni kuma in amsa da "ai yi wa kai ne," ko kunya babu.

Mai riƙe da zauren wata dattijuwa ce da kowa ke kira Uwar Zaure. Shekara talatin tana wannan aikin na gilashi. Ba ta da yawan magana, in kuwa ta yi sai kowa ya nutsu. Yaya na ji da ita kamar me, duk saƙon da ta turo sai an maimaita mata shi.

Ranar da muka ɗauki bidiyon nan, da azahar na saka shi a shafi. Kafin la'asar mutum dubu huɗu sun kalla, zaure ya cika da yabo. Ina tsakar gida ina hura hanci sai wayar ta yi ƙara. Uwar Zaure ce, kuma kira ne, ba saƙo ba.

Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida. Sannan ta ce, "'Yata, wane mai kike shafawa a hannu? Ya karɓe ki."

Na faɗa mata ina murmushi.

"Madalla. To, wa yake yi miki aikin?"

Na ce ban gane ba.

"Kin gane. Jan ƙarfen da za a zuba wa gilashi, wanke shi ake yi tas, sannan a riƙe shi ta gefe-gefe kamar garwashi. Ko gumin yatsa ya taɓa fuskarsa, gari ba zai kama ba, zai tattare ya bar rami. Ke kin dafe shi da yatsan da ya sha mai, kuma kika fito da abu sumul. Wanda ya taɓa asarar guda ɗaya tak a tanderu, ko cikin magagin barci ba zai riƙe ƙarfe haka ba."

Na fara borin kunya, wai don bidiyo ne kawai na yi hakan. Ta bar ni sai da na gama.

"Ba kiran faɗa na yi ba," ta ce. "Ban faɗa wa kowa ba. Amma kin san watan gobe za mu yi baje koli, kuma dokarmu ɗaya ce, kowane kaya da sunan wanda ya yi shi. Na ga masu ɓoye ma'aikaci a ƙuryar gida suna cin guminsa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. In haka ne, ba ki da tebur a wurinmu. In kuma wani abu ne daban, ina sauraro."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zauna a kan matakala na faɗa mata komai, tun daga risho har zuwa man hannu.

"Ki gaishe ta," ta ce bayan na gama. "Ki ce mata shuɗin nan nata, shekara talatin ina nemansa ban same shi ba."

* * *

Umma na tsintar shinkafa a falo lokacin da na kawo maganar. Ta ajiye tiren a hankali, ni kuwa na san in Umma ta ajiye abu a hankali, akwai magana.

"Baje koli. Wato a kafa ta a tebur, jama'a su zo su yi ta nuna ta da baki."

"Kayanta za a kalla, Umma."

"Ke yarinya ce. Ni na kai ta makaranta da hannuna. Ranar farko yara suka watse daga bencinta. Rana ta biyu malamin ya mayar da ita can baya, wai tana ɗauke wa yara hankali. Rana ta uku wata uwa ta zo har ofis ta ce ɗanta yana firgita cikin barci. Na je ɗaukarta na same ta a bayan aji ta rufe fuska da jaka. Muka ce ta zauna a gida tukuna, sai ta ƙara girma." Ta jawo tiren, ta sake ture shi. "Ba ƙinta nake ba. Duk duniya ba wanda nake so kamarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Na san ba ƙarya take yi ba. Umma ce ke shafa wa Yaya magani a tabon duk lokacin zafi in ya fara ƙaiƙayi, ita ke ware mata tsokar da ta fi kyau a tukunya. Amma "tukuna" ɗin nan yau shekararsa talatin. A cikinsu Yaya ba ta je taron kowa ba, ba ta shiga hoton iyali sai ta gefe, in baƙi suka yi sallama ta san hanyar ɗakin aikinta. Ba wanda ya taɓa korarta, ba wanda ya taɓa ɗaga mata murya, da so muka rufe ta. Ni ma da nake ta kumfar baki, a ƙasan raina ina fatan Yaya ta ce ba ta so, don in ci gaba da zama gwana. Na ji kunyar tunanin, amma yana nan.

Duk wannan Yaya na tsaye a ƙofar ɗakin aiki da awartaki a hannu.

"Auta," ta ce, "me ta ce game da shuɗin?"

Na maimaita mata.

"Ita da bakinta?"

"Da bakinta."

Ta sunkuyar da kai tana murza awartakin. Gefen fuskarta mai lafiya ya yi murmushi, ɗayan ya biyo shi a hankali kamar yadda ya saba.

"Ba wani asiri ba ne fa. Wanke garin nake yi sau bakwai har ruwan ya fito garau, kuma ba na barinsa ya daɗe a wuta. Ita kuma Uwar Zaure, jan gilashinta... Umma, ba ki ga janta ba. Nawa kullum sai ya ƙone ya koma kalar hanta. Shekara nawa ina son in tambaye ta."

"To ki faɗa wa Auta ta rubuta mata, kamar kullum."

"A'a. Ni nake son in tambaya."

Ban taɓa jin Yaya ta ce wa Umma a'a ba, ko a kan gishirin miya. Umma ta kalle ta kamar baƙuwa. Sai ta ɗauki tirenta ta shige kicin.

Sau biyar Yaya tana ɗaukar saƙon murya tana sa ni gogewa. Na farko ta ce muryarta ta yi kama da ta akuya. Na biyu ta manta gaisuwa. Na uku gaisuwar ta cinye minti biyu ba a zo kan tambaya ba. A na shida ta rufe ido ta ce, "Salamu alaikum, mutanen zaure. Ni ce yayar Auta. Ni nake yin kayan nan. Na daɗe ina jin ku." Sannan ta yi tambayarta a kan ja.

"Uwar Zaure kaɗai zan tura wa?" na tambaya.

"Tura wa kowa."

Na tura. Na kuma rubuta nawa a ƙasa, gajere, cewa duk amsar da suka taɓa gode mini a kanta, tata ce, su yafe mini. Muna zaune mu biyu muna kallon waya, hannun Yaya a kan gwiwata. Can sai ga saƙon murya. Na kunna, aka yi gyaran murya sau biyu, Yaya ta tuntsire da dariya tun kafin mutumin ya ce komai.

"Wato shekara da shekaru muna gaida 'yar aike, mai gida na ciki," in ji Mai Fata. "Sannu da zuwa, gwana ta gaskiya. Ke kuma Auta, tara ce a kanki, ke za ki share mana rumfa ranar baje koli."

Ba kowa ya ɗauki abin da sauƙi haka ba. Mai Dutsen Ado ta ce, ba don komai ba, ita dai ta ji zafin an mayar da ita sakarai, kuma ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwata ba. Ta Yaya kuwa tun ranar take amsawa.

* * *

Bayan kwana huɗu Uwar Zaure ta zo gidanmu da 'yar jaka a kafaɗa. Ashe 'yar ƙaramar mace ce, muryar ce kawai babba. Da Yaya ta fito, na ga idon dattijuwar ya tsaya a fuskar na ɗan lokaci, ba zan yi mata ƙarya in ce bai tsaya ba. Sai ta miƙa hannu ta kamo na daman, ta riƙe shi tana dubawa yadda ake duba kayan aiki.

"Da wannan kike tallafe ƙarfen?"

"Eh. Ba ya rawa."

"Shi ya sa layinki ba ya karkacewa. Ni nawa biyar ne cif, amma kowanne da ra'ayinsa."

Suka shige ɗakin aiki suka manta da mu. Muna jiyo Uwar Zaure tana cewa ja ba ya son ya taɓa ƙarfe kai tsaye, sai an fara shimfiɗa masa gilashi mai garau a ƙasa, kuma shi ake sawa ƙarshe, a fitar da shi tun fuskarsa tana kama da ɓawon lemo. Muna jiyo Yaya tana gardama, tana dariya da ƙarfi irin wadda ban san tana da ita ba. Umma ta kai musu shayi sau biyu, duk biyun ta daɗe a ƙofa fiye da yadda kai shayi yake buƙata.

Kashegari Yaya ta fitar da janta na farko da bai ƙone ba. Ita ta ce in ɗauki sabon bidiyo. Wannan karon ni ce a bayan waya.

"Har da fuska?" na tambaya.

"Ba da fuska nake aiki ba."

Na ɗauki hannuwan suna riƙe ƙarfe ta gefe, suna barbaɗa gari, suna buɗe tanderu. Na cire hotona daga saman shafi, na rubuta "Aikin hannun yayata." Mutanen zaure suka yaɗa bidiyon ko'ina, kafin kwana biyu ya ninka nawa a yawan masu kallo.

Da na ce na san mutanen intanet, ashe rabinsu na sani. Wata da ta yi odar 'yan kunne goma sha biyu ta soke, wai ba ta san haka abin yake ba. Wani ya rubuta, "Ku riƙa gargaɗi kafin ku saka irin wannan, muna cin abinci." Ɗaruruwa kuma suka jera "Allah sarki, baiwar Allah," har da masu tambayar inda za a tura taimako. Wani mai kiran kansa malamin talla ya biyo ni ta bayan fage da shawara, wai in nuna fuskar, in sa kiɗa mai ban tausayi, in ba da labarin wutar, zan ga yadda kaya za su ƙare. Amsar da na rubuta masa, gara da na goge ta kafin in tura.

Yaya ta ce in karanta mata sharhin mutane. Tana goge gefen zobe da magagari, ni ina karantawa ina tsallake.

"Auta, yatsanki gudu yake yi. Abin da kike tsallakewa ya fi abin da kike karantawa."

"Shirme ne."

"Karanta mini shirmen. Ai ni aka yi wa."

Na karanta mata duka cikin takaici. Magagarin bai tsaya ba ko sau ɗaya.

"Masu zagin ba su dame ni ba," ta ce da na gama. "Na san su tun ina shekara shida, ba su sake hali ba. Masu 'Allah sarkin' nan ne suka fi yi mini ciwo. Duk cikinsu ba wanda ya ce komai a kan jan?"

Na koma na tona tun daga sama. Na samo mutum biyu. Ɗaya ta ce ba ta taɓa ganin ja mai rai haka ba, ɗaya ya tambaya ko akwai irinsa a zobe. Yaya ta sa na maimaita kowanne.

Umma, da ashe duk tana ji daga falo, ta leƙo. "Kin gani ko? Abin da na guje miki ke nan."

"Na gani, Umma," in ji Yaya da murya mai taushi. "Ga ni nan kuma, ban mutu ba."

Umma ta juya. Can muka jiyo tana fyace hanci a kicin, tana ɗora laifin a kan albasa.

* * *

Saura kwana biyu baje koli, aka aiko mana da katin da za a kafa a kan tebur, fari, mai kauri, da layi ɗaya a tsakiya na sunan mai kaya. Da hantsi ne, tanderu na hucewa, kayan duk a jere a kan auduga. Na ɗauki biro zan cike, Yaya ta dafe katin.

"Ni zan rubuta."

Na kalle ta.

"Ki yi mini a takarda in gani, sai in kwaikwaya. Ai zane ne, ko? Na zana abin da ya fi shi wuya."

Na yago takarda na rubuta sunanta da manyan haruffa, na tura mata. Ta ɗauka ta kalla. Ta juya takardar ƙasa ta koma sama, ta sake kallo, ta mayar da ita yadda take.

"Ta wane gefe ake farawa?"

Na nuna mata da yatsa. Matar nan ita ke rataya mini jaka kullum safiya ta raka ni bakin ƙofa, tun daga aji ɗaya har na gama jami'a. Ita ke yi mini fifita in ina karatun jarrabawa. Shekara nawa tana miƙo mini waya tana cewa "karanta mini," ni kuma ina karantawa ina jin kaina mai taimako, ban taɓa jawo kujera na ce zo in nuna miki ba. Ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba. Na ji haushin malamin nan da na uwar yaron nan shekara da shekaru, ranar kuwa haushin kaina na ji.

Ta gwada sau uku a bayan takardar, ta danne ta da hannun dama, harshenta a ɗan waje. Sannan ta jawo katin. A hankali take ja, tana duba nawa tana komawa nata, ba ta ɗaga biron sai layi ya kai inda take so. Da ta gama, haruffanta sun fi nawa tsayuwa da kyau nesa ba kusa ba.

"Sai me kuma?" ta ce, biron a sama.

"Shi ke nan."

"Ya ƙare?"

"Ya ƙare, Yaya."

Ta bi haruffan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har huɗu.

"Ashe ɗan wannan ne," ta ce.

Ban san tun yaushe Umma take tsaye a ƙofa ba. Ba wanda ya roƙe ta, ita da kanta ta ciro rigar Yaya mafi kyau ta goge mata don jibi, ta kawo ta a ninke a kan hannu. Yaya ta ɗaga katin ta juyo da shi wajenta, gefen fuskarta duka biyun suna murmushi.

"Umma, kin gani?"

"Na gani," in ji Umma.

Ba ta shigo ba. Ta tsaya a ƙofar tana kallon haruffa huɗun nan, rigar da ta gama gogewa tana cukuikuyewa a hannunta.